IJMA'I, WATAU HAƊUWAR MALAMAI A KAN HUKUNCI

 

Yau za mu yi magana a kan wata kalma wadda kusan kowa a cikinmu ya taɓa jin ta a bakin malamai, ko wajen tafsiri, ko wajen rabon gado, ko a gaban alƙali. Kalmar ita ce ijma'i. Sau da yawa mutum biyu su kan yi gardama a kan wata mas'ala ta addini, sai ɗaya ya ce, "Ai malamai duka sun haɗu a kan haka." Wannan magana tana da nauyi ƙwarai. In gaskiya ce, ba Musulmin da ya ke da ikon tsallake ta. In kuwa ba gaskiya ba ce, to, an yi wa malamai ƙarya, an kuma zalunci wanda aka rufe wa baki da ita. Da irin wannan magana a kan raba masallaci biyu, a kan raba ɗa da mahaifi. Saboda haka ya kamata mu san mene ne ijma'i, ina ya samo ƙarfinsa, ina kuma iyakarsa.

Inda shari'a ta ke samo hukunci

Malaman Sunna sun ce tushen shari'a huɗu ne. Na fari Alƙur'ani mai girma. Na biyu Sunnar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, watau abin da ya faɗa, da abin da ya aikata, da abin da aka yi a gabansa bai hana ba. Na uku ijma'i. Na huɗu ƙiyasi, watau a gwada sabon abu da wani tsohon abu wanda an riga an san hukuncinsa, in dalilinsu ɗaya ne.

Ijma'i kalmar Larabci ce, ma'anarta haɗuwa a kan abu guda. A shari'a kuwa, abin da a ke nufi shi ne malamai mujtahidai na al'ummar Annabi su haɗu a kan hukunci ɗaya, a zamani ɗaya, bayan wafatin Annabi. Ku lura da wannan bayani, domin kowane yanki nasa yana da aiki.

An ce mujtahidai. Mujtahidi shi ne malamin da ilminsa ya kai ya ciro hukunci da kansa daga Alƙur'ani da Hadisi. Ya san Larabci sarai, ya san ayar da ta shafe hukuncin wata, ya san hadisi ingantacce da mai rauni. Ba kowane mai rawani ne mujtahidi ba. Haka nan yawan jama'a ba shi ne ijma'i ba. Ko mutanen kasuwa duka sun yarda da wani abu, yardarsu ba ta mai da shi shari'a.

An ce su haɗu, watau dukansu. A wurin mafi yawan malamai, in mujtahidi ɗaya ya saɓa, ya kawo hujjarsa, ijma'i bai ƙullu ba. Sai dai a ce wannan shi ne ra'ayin mafi rinjaye.

An ce bayan wafatin Annabi, domin sa'ad da ya ke da rai, in abu ya rikice sai a je a tambaye shi. Ya yi wafati a shekara ta 11 bayan Hijira, watau 632 ta Miladiyya. Daga nan wahayi ya yanke, sai bukatar shawara ta taso.

Akwai kuma wani sharaɗi. Malamai ba su haɗuwa a kan son zuciya. Dole ijma'i ya jingina da wani dalili, ko aya, ko hadisi, ko ƙiyasi a wurin mafi yawansu. Aikin ijma'i shi ne ya ɗaure ma'anar dalilin, ya kau da shakka. Ga misali. Alƙur'ani ya hana mutum ya auri uwarsa ko 'yarsa. To, kaka fa, da jika? Malamai sun haɗu a kan cewa hanin nan ya haɗa da kaka, kome nisanta, da jika, kome nisanta. Ba wanda zai zo yau ya ce tun da ba a ambaci kaka da sunanta ba, ƙofa a buɗe ta ke. Ijma'i ya rufe ta.

Ga wani misali na kusa da gida. In najasa ta faɗa cikin ruwa har ta sāke launinsa, ko ɗanɗanonsa, ko ƙanshinsa, ba a alwala da shi. Wani malami mai suna Ibnul Munzir, wanda ya zauna a Makka, ya rubuta cewa malamai sun haɗu a kan wannan. Amma ruwa kaɗan wanda najasa ta taɓa bai sāke ba, a nan sun saɓa. Kun ga a rijiya guda akwai wurin ijma'i, akwai wurin saɓani.

Me ya ba ijma'i ƙarfi?

Malamai su kan kafa hujja da aya ta 115 a Suratun Nisa'i. A cikinta Allah ya yi gargaɗi mai tsanani ga mai saɓa wa Manzo bayan gaskiya ta bayyana masa, ya kuma haɗa shi da mai barin tafarkin muminai. An ruwaito cewa wani tsoho ya tambayi Imamu Shafi'i inda hujjar ijma'i ta ke a cikin Alƙur'ani. Shafi'i ya nemi a ba shi kwana uku, ya shiga ɗaki yana ta bitar Alƙur'ani, sa'an nan ya fito da wannan aya. Shi Shafi'i ya rasu a Masar a shekara ta 204 bayan Hijira, watau 820. Littafinsa mai suna Risala yana cikin littattafan farko da suka tsara tushen shari'a. Kada ku haɗa shi da Risalar da a ke karantawa a zaurukanmu, wannan ta Ibnu Abi Zaidi ce, mutumin Ƙairawan.

Akwai kuma hadisai masu nuna Allah ya tsare al'ummar nan daga taruwa gaba ɗaya a kan ɓata. Masana hadisi sun yi magana a kan ƙarfin waɗansu daga cikinsu. Amma Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ce hanyoyinsu suna da yawa, ma'anarsu kuwa ɗaya ce, saboda haka zuciya ta kan natsu da su. Malami ɗaya ya kan yi kuskure. Malaman gari ɗaya su kan yi kuskure. Alkawarin tsarewa na al'umma ne dukanta.

Yadda Sahabbai suka yi

A zamanin Sayyidina Abubakar aka yi yaƙin Yamama da Musailamu maƙaryaci. Mahaddata Alƙur'ani da yawa suka yi shahada. Sayyidina Umaru ya ji tsoro kada Alƙur'ani ya tafi da tafiyar mahaddata, ya ba da shawara a tara shi wuri ɗaya. Da farko Abubakar ya yi nauyin jiki, domin Annabi bai yi haka ba. Daga baya ya ga alherin abin, ya sa Zaidu ɗan Sabitu ya yi aikin. A zamanin Sayyidina Usmanu, wanda ya yi halifanci daga 644 zuwa 656, aka kwafi mushafi daga takardun nan, aka aika manyan birane. Al'umma ta tabbata a kan wannan har yau. Warshu da a ke karantawa a makarantun allo na ƙasar Hausa, da Hafsu da a ke karantawa a Makka, duka rubutun mushafin Usmanu su ke bi.

Na biyu, gadon kaka. Imamu Maliki ya kawo labarin a cikin Muwaɗɗa. Wata kaka ta zo wurin Abubakar tana neman rabonta. Ya gaya mata bai ga rabonta a cikin Littafin Allah ba, bai kuma san wani abu daga Annabi ba, ta dakata ya tambayi mutane. Mugira ɗan Shu'uba ya ce yana nan Annabi ya ba kaka sudusi, watau kashi ɗaya cikin shida. Abubakar ya nemi wani mai shaida, Muhammadu ɗan Maslama ya tashi ya tabbatar. Aka ba ta sudusi. Tun daga nan malamai suka haɗu a kan kaka tana da sudusi in uwar mamaci ba ta da rai. Ku dubi yadda abin ya tafi. Shugaba bai yanke da ka ba, ya yi tambaya, ya nemi shaida, sa'an nan jama'a suka bi.

Na uku yana da lissafi, sai ku ɗauko abin rubutu. Mace ta rasu ba ɗa ba jika, iyayenta kuma sun riga ta. Ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Mu ce ta bar tumaki 42. Alƙur'ani ya ba miji rabi, watau 21. Ya ba 'yan'uwa matan sulusi biyu, watau 28. To, 21 da 28 sun zama 49, tumaki kuwa 42 ne. Saura 7 babu su. Wa za a rage wa?

An ce a zamanin Umaru irin wannan ta fara aukuwa. Ya tara Sahabbai ya nemi shawara. Aka kawo masa misalin mutumin da ya mutu ya bar dirhami shida, wani yana bin sa uku, wani yana bin sa huɗu. Ai sai a kasa shidan nan kashi bakwai, kowa ya ɗauki hasara gwargwadon bashinsa. Umaru ya yi hukunci da haka. A lissafinmu, a kasa tumaki 42 kashi 7, kowane kashi tumaki 6. Miji ya ɗauki kashi 3, watau 18. 'Yan'uwa mata su ɗauki kashi 4, watau 24, kowace 12. Wannan shi a ke kira auli, kuma da shi mazhabobi huɗu su ke aiki.

Shiru yarda ne?

Labarin auli bai ƙare nan ba. Bayan rasuwar Umaru, Abdullahi ɗan Abbas ya fito ya ce shi bai yarda da auli ba. A ganinsa miji ya ɗauki rabinsa cif, ragin ya faɗa kan 'yan'uwa mata. Aka tambaye shi me ya hana shi faɗa tun Umaru yana da rai. Ya ce kwarjinin Umaru ne ya hana shi.

Daga irin wannan malamai suka kasa ijma'i kashi biyu. Akwai na furuci, inda kowane mujtahidi ya faɗi ra'ayinsa a fili. Akwai na shiru, inda waɗansu suka yi fatawa, labari ya bazu, saura suka ji ba su ce kome ba. Mu Hausawa mu kan ce shiru ma magana ce. Malaman Hanafiyya da yawa sun tafi a kan haka, sun ce malamin kirki ba ya ganin kuskure ya yi shiru. Imamu Shafi'i kuwa ya ƙi a ɗora wa mutum maganar da bai faɗa ba. Mai yiwuwa yana nazari tukuna, mai yiwuwa kunya ce ko tsoro. Saboda haka ijma'in shiru bai kai na furuci ƙarfi ba.

Imamu Maliki da aikin mutanen Madina

Mu a nan mazhabar Maliki muka gada, sai mu san abin da ya ce. Imamu Maliki ya zauna a Madina, a can ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, watau 795. Yana ganin abin da mutanen Madina suka gada, suna aikata shi tun zamanin Annabi, hujja ne, domin a garinsu Annabi ya yi shekara goma, dubban Sahabbai kuma a nan suka zauna.

Ga misali a kan sa'i, ma'aunin da a ke fid da zakkar fid da kai da shi, watau mudun Annabi huɗu. Malaman Iraƙi suna ganin sa'i ya fi yadda mutanen Madina suka sani girma. An ruwaito cewa Abu Yusufu, almajirin Imamu Abu Hanifa, babban alƙalin Haruna Rashidu, ya zo Madina aka yi maganar. Sai jikokin Sahabbai suka yi ta fitowa, kowa da sa'in gidansu, kowa yana cewa da wannan kakansa ya ke awo a zamanin Annabi. Aka gwada, aka ga duka ɗaya ne. Abu Yusufu ya bar ra'ayin malaminsa ya koma na mutanen Madina. Gani ya kori ji.

Amma ba kowa ya yarda da Maliki a kan kome ba. Ya rubuta wa abokinsa Laisu ɗan Sa'adu, babban malamin Masar, wasiƙa, yana yi masa nasiha kada ya saɓa wa mutanen Madina. Laisu ya mayar da amsa cikin ladabi. Ya ce Sahabbai sun watsu zuwa Masar da Sham da Iraƙi da ilminsu, kuma malaman Madina su kansu sun saɓa wa juna a mas'aloli da dama. Ku dubi manya biyu. Sun saɓa, ba zagi, ba gaba, kowa yana yi wa ɗan'uwansa addu'a.

Daga baya malaman Malikiyya suka warware zancen. Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da a ke karantawa da azumi, wanda ya rasu a 1149, ya ce aikin Madina iri biyu ne. Akwai wanda aka gada kaka da kakanni daga Annabi, kamar sa'i da mudu da lafazin kiran salla, wannan hujja ne tabbatacce. Akwai kuma wanda malaman Madina suka ciro da nasu nazari, a kan wannan ko Malikawa ba su haɗu ba.

Hattara da da'awar ijma'i

Imamu Ahmadu ɗan Hambali, wanda ya rasu a Bagadaza a 855, ya tsananta ƙwarai ga mai saurin cewa an yi ijma'i. Ya ce ina ya san ko mutane sun saɓa labari bai iso shi ba? Abin da ya fi shi ne mutum ya ce shi dai bai san wani saɓani ba. Ku tuna a lokacin nan Musulmi sun bazu daga Andalus har iyakar ƙasar Sin, tafiya kuwa a kan raƙumi. Wa zai bi malamai ɗaya ɗaya ya ji ta bakinsu? Don haka Ibnu Hazmi na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya ce ijma'in da a ke iya tabbatarwa shi ne na Sahabbai. Ya rubuta littafi ya tara mas'alolin da aka haɗu a kansu. Bayansa Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya bi littafin, ya nuna wurare inda ashe akwai saɓani. Malaman Shi'a kuwa suna karɓar ijma'i ne in ya bayyana maganar Imaminsu.

Ga labarin gahawa. A shekarar 1511 wani mai iko a Makka ya tara malamai da masu magani, suka yanke cewa shan gahawa haramun ne. Aka hana sayarwa, aka hori masu sha. Waɗansu malamai ba su yarda ba, hanin kuma bai daɗe ba. Yau a Makka da gahawa a ke tarbar baƙo. Taron malaman gari ɗaya ne, ko da ya ke garin Makka ne, bai zama ijma'in al'umma ba.

Hukuncin wanda ya musa

A nan ne a ke yawan zamewa. Abin da aka yi ijma'i a kai hawa biyu ne. Akwai wanda kowane Musulmi ya sani, malami da jahili, kamar wajabcin salloli biyar, da azumin Ramalana, da haramcin zina da giya. Wanda ya tashi cikin Musulmi ya ce waɗannan ba su cikin addini, ya ƙaryata abin da Annabi ya zo da shi. Akwai kuma ɓoyayye, wanda sai malamai suka sani. Misali, in mamaci ya bar 'ya mace ɗaya da jika mace ta wajen ɗansa namiji, 'yar tana da rabi, jikar tana da sudusi. Wanda ya musa irin wannan don bai sani ba, ba a kafirta shi, sai a koya masa. Ko a hawa na fari ma, yanke wa mutum hukunci aikin alƙali ne da malamai, ba na 'yan zaman dandali ba.

A zamaninmu

Sababbin abubuwa ba su ƙarewa. A shekarar 1981 shugabannin ƙasashen Musulmi suka yanke shawarar kafa majalisar malaman fiƙihu ta duniya, mazauninta yana Jidda. Ta duba mas'aloli kamar inshora, da kuɗin takarda, da dashen gaɓar wani a jikin wani. Fatawar irin wannan majalisa tana da daraja, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma malamai suna kiran aikinta ijtihadin taro, ba su kiran sa ijma'i, tun da ba dukan mujtahidan duniya ne a ciki ba.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya buɗe littafinsa Ihya'us Sunna da bayanin Littafi da Sunna da ijma'i, da wajabcin bin su. Malamai kuma suna da ƙa'ida cewa ba a tsananta wa mutum a kan mas'alar da manyan malamai suka saɓa a kai da hujja. Ku ɗauki ƙabalu da sadalu, abin da ya jawo rigima a garuruwanmu. Hadisin ɗora hannun dama a kan na hagu yana cikin Muwaɗɗa ta Maliki. Sakin hannu a sallar farilla kuwa shi Ibnul Ƙasim ya ruwaito daga Maliki a cikin Mudawwana. Mazhabobi huɗu duka suna ganin sallar mai ƙabalu da ta mai sadalu ta inganta. To, a kan me za a ƙi gaisawa? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka, jama'a, in wani ya ce muku malamai sun haɗu a kan abu kaza, ku tambaye shi cikin ladabi. Waɗanne malamai, na garinmu ko na al'umma duka? Wane malami ne ya rubuta an haɗu, a wane littafi? Akwai wani imami da ya saɓa? Matambayi ba ya ɓata, malamin gaskiya kuwa ba ya fushi da irin wannan tambaya. In ta tabbata ijma'i ne, mu riƙe shi da hannu biyu, kada mu saurari mai neman warware shi. In kuwa saɓani ne, kowa ya bi malamin da ya amince da ilminsa da tsoron Allahnsa, mu tsaya sahu ɗaya a masallaci ɗaya.

Allah ya ƙara mana sani, ya haɗa kanmu a kan gaskiya, ya jiƙan malamanmu da iyayenmu. Amin. Wassalamu alaikum.